Gas Ba Fetur Ba Ne

Jama'ar unguwa, sau uku muka sa wa AC ɗin motarmu gas tsakanin ƙaramar Sallah da babba, kuma duka ukun kuɗi kawai muka zubar. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta, ko wani ya tsira da aljihunsa.

Motar Camry ce tokumbo. Da ita muke zuwa kasuwa, da ita muke kai tsohuwarmu asibiti. In mun hau gadar Third Mainland hanya ta buɗe, sanyi har sai mun rage. Amma da zarar mun faɗa gosulon gadar Carter, tsakanin Idumota da Iddo, sai ta koma hura iska mai ɗumi. Kun dai san sauke gilashi a wurin nan: ga hayaƙin danfo, ga masu fizgen waya. Ranar da abin ya ishe mu, tsohuwa ce a baya, asma ta taso mata, muka rasa wanda za mu zaɓa mata, zafi ko hayaƙi.

Duk yaron da muka kai wa motar, kafin ya ɗaga bonet ya riga ya yanke hukunci: "Malam, gas ne ya ƙare." Mu ma da laifinmu, don ba mu taɓa tambaya ina gas ɗin yake tafiya ba.

Daga baya aka haɗa mu da wani dattijon makanike Bayarabe a Ebute Metta. Ya saurari bayaninmu har ƙarshe, sannan ya ce, "Alfa, kunna AC, ka fito ka gani da idonka." Muka leƙa, fankar AC tsaye cak. Ashe a gaban lagireto akwai wani mai kama da shi, kwandensa, wanda ke fitar da zafin da gas ya kwaso daga cikin mota. In ana gudu iskar hanya na hura shi, in an tsaya kuwa sai fanka. Tamu rile ɗinta ne ya ƙone, ɗan abin da bai fi akwatin ashana ba. Ko Ladipo ba mu je ba.

Da ya ɗora agogon awo sai ya girgiza kai. Gas ya yi yawa. Yaran nan ƙari suke ta yi a kan wanda bai ragu ba, kuma yawansa na takura kwamfuresa, wadda ita ce mai tsadar gaske. Dole ya rage.

Gas zagayawa yake yi a rufe cikin bututu, mota ba ta shan sa. In ya ragu sosai cikin 'yan makonni, to wani wuri na yoyo. A duba mahaɗar bututu: inda aka ga maiƙo ƙura ta manne, a shafa ruwan sabulu, zai yi kumfa. Sai an toshe, an zuƙe iskar ciki da inji, sannan a zuba sabo. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet mai faɗin irin gas da nauyinsa. Yawancin motocinmu R134a ne, tun wajen tsakiyar shekarun 1990, wasu sababbi kuma R1234yf, kuma ba a gauraya su.

Sauran ba su da wuya. In akwai sanyi amma iska ba ƙarfi, a ciro filtar da ke bayan akwatin gaban fasinja, galibi ƙura ce. In ruwa na taruwa a ƙafar fasinja, bututun da ke zubar da ruwan AC waje ne ya toshe. In an kunna ba a ji kwamfuresa ta yi "ƙas" ta kama ba, a fara da fiyus kafin wani ya ce a sayo sabuwa.

Makon jiya mun shafe kusan awa guda a kan Carter, gilashi a rufe, tsohuwa na baya tana barcinta.