A Tambayi Inji Kafin a Sauke Shi

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan kafin shekarar 1990 ya san mota Peugeot 504, wadda jama'a suka fi kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta cikin 1968, sa'an nan daga 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta soma harhaɗa motocin Peugeot a nan gida. Da ita manyan ma'aikatan gwamnati suke zuwa ofis, ita kuma ake lodi a tasha. An daina harhaɗa ta tun tsakiyar shekarun 2000, amma har yanzu akan ga guda a bayan gida, tayoyi a sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Masu irin waɗannan motoci sukan yi burin tayar da su wata rana, kuma yawancinsu wuri ɗaya suke tuntuɓe, watau ranar da injin ya tashi amma ya ƙi daidaita.

A Shabu, garin da ke bakin Lafiya a kan hanyar Akwanga, akwai wani tsohon malamin firamare da ya gaji irin wannan mota daga mahaifinsa. Uban ya saye ta tun Lafiya tana cikin Jihar Filato, kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, ya yi shekaru yana jigilar fasinja da ita. Da ya rasu sai ta zauna shekara shida ba a motsa ta ba. Malam ya yi ritaya, ya koma noman doya da riɗi, ya ga kuɗin da yake biya a kai masa amfanin gona kasuwar Lafiya yana neman cinye ribar. Ya ƙudura zai tayar da motar da kaɗan kaɗan. Wannan wata ya sayi batir, wancan wata tayoyi, ya wanke tanki, ya canja baƙin mai. Ranar da aka yi mata ki ta tashi, yaran unguwa har da tafi.

Murnar ba ta daɗe ba. Injin yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, salansa tana tari, in an taka totur sai motar ta cije kafin ta ɗauka. Wannan shi ne abin da kanikawa ke kira misin, watau ɗaya daga cikin silindoji ba ta bugawa daidai lokacin da ya kamata. Fetur kuwa tana shan sa ba kama hannun yaro, alhali tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kowace lita sai an yi lissafinta.

Bakaniken farko da aka kira ya saurari injin minti biyu, ya ce kafireto ne. Aka wanke, ba ta canja ba. Ya ce kwel ne, aka saya. Ya ce kwantak da kwandansa, aka saya. Da aka ƙare zagaye sai ya yanke hukunci: “Baba, injin nan ya mutu. Ku nemi kuɗi a ɗauko na Beljiyam, ku huta.” Kuɗin da ya faɗa ya kusa cinye doyar shekara guda, kuma a cikin doyar nan kuɗin makarantar yara biyu yake. Malam ya ce zai yi shawara.

A nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya ya san abin da ke faruwa cikin ƙarfen nan, domin rashin sani ya fi dare duhu. Injin Fijo 504 mai amfani da fetur silinda huɗu gare shi, kuma yana aiki bisa tsarin bugu huɗu wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876. Fistin ya sauka ya shaƙo iska haɗe da fetur. Ya hau ya matse su cikin ɗan wuri, wajen kashi ɗaya cikin takwas na inda suke da farko. Fulogi ya ba da wuta, abin ya kama ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi. Saboda haka silinda ba ta bugawa sai abu uku sun cika: wuta a kan lokaci, fetur daidai gwargwado, da matsi. In ɗaya ya ɓace, alamar da mai mota zai gani kusan iri ɗaya ce, karkarwa da rashin ƙarfi. Shi ya sa kunne kaɗai ba ya raba gardama, shi ya sa kuma mai saye da ka yakan cika akwati da kayan da lafiyarsu lau.

Matsi kuwa ƙofa uku yake bi ya gudu. Ko ringin da ke kewaye da fistin ya cinye ko ya maƙale, iska ta zurare ƙasa. Ko bawul, wanda shi ne marfin shigar iska da fitar hayaƙi, ya kasa rufewa ruf. Ko gasket ɗin da ke tsakanin gangar inji da kansa, wanda kanikawa ke kira tofsilinda, ya ƙone. Gyaran kowanne daban, kuɗinsa daban. Ringi yana bukatar a kwance inji har ƙasa. Bawul da gasket kuwa a sama suke, cire kai kaɗai ya isa. Wani lokaci ma sifana da sukuddireba sun wadatar.

Wani direba maƙwabcin Malam ne ya yi masa kwatancen wani dattijon bakanike a cikin Lafiya, wanda ya koyi aiki tun Fijo tana tashe. Dattijon ya zo da yaronsa da ƙaramar jaka. Bayan gaisuwa bai tambayi abin da aka riga aka saya ba. Ya ce a tayar da mota a bar ta ta yi zafi. Sa'an nan ya ɗauki filaya mai roba a hannu, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Hikimar abin ita ce, in ka zare wayar silinda mai aiki injin zai ƙara raunana, in kuwa ka zare ta matacciya ba abin da zai canja. Ta ɗaya da ta huɗu suka nuna suna aiki. Ta biyu ta nuna rabi da rabi. Ta uku kuwa, da waya da babu duk ɗaya.

Ya musanya wayar ta biyu da ta huɗu, sai ciwon ya bi wayar ya koma ta huɗu. Da aka lanƙwasa ta sai ga tsaga a jikin robar, inda wuta ke tsallakewa ta bi ƙarfen inji. Waya guda ke nan ta warware rabin matsalar. Ya yi wa ta uku irin wannan musanya, waya da fulogi duka, amma ciwon ya ƙi tashi daga inda yake. Ya ce wa Malam, “Ranka ya daɗe, wannan ba wuta ba ce. Kafireto kuma guda ne yake ciyar da su huɗun, da shi ne da ba ɗaya kaɗai za ta kwanta ba. Saura mu auna numfashinta.”

Ya fito da gejin matsi, wani ɗan agogo mai tiyo da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Awon yana da ƙa'idoji, kuma wanda ya tsallake su ƙarya gejin zai gaya masa. Inji ya kasance da ɗumi. A cire fulogi duka huɗu. A zare wayar kwel don kada wuta ta tashi. Batir ya zama cikakke. A take totur har ƙasa, iska ta samu hanya. A yi ki har injin ya juya sau biyar ko shida, allura ta daina hawa. Yaron ya riƙe biro da bayan kwalin fulogi yana rubutawa: 140, 135, 60, 140, bisa awon da ake kira PSI. Dattijon ya ce ba girman lambar ya fi damunsa ba, domin geji da geji sukan saɓa kaɗan. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Inji mai lafiya, bambancin silindojinsa ba ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Uku sun tafi tare, ɗaya ta faɗi ƙasa da rabi. Injin da aka ce ya mutu, ashe kashi uku cikin huɗu nasa garau yake.

Saura a gane ƙofar da matsin ke bi. Ya zuba baƙin mai cikin cokali guda a ramin ta uku, ya sake aunawa. In ringi ne ya cinye, man yakan toshe giɓin na ɗan lokaci, allura ta yi tsalle sama. Allura ta tsaya a 65. Ke nan ba ringi ba ne. Ya duba alamun gasket: babu farin hayaƙi, baƙin mai bai koma kalar madara ba, ruwan lagireto ba ya kumfa, kuma silindojin da ke maƙwabtaka da ta uku ba su faɗi tare da ita ba, alhali gasket ɗin da ya ƙone tsakanin silinda biyu yakan kwantar da su duka biyun. Sai zargi ya koma kan bawul.

Da injin ya huce ya buɗe murfin sama ya auna tafet, watau 'yar tazarar da ake bari tsakanin bawul da abin da ke danna shi, domin ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. Bawul ɗin hayaƙi na ta uku ba shi da tazara ko ta gashi. Irin wannan bawul ba ya zama daram a mazauninsa, kuma ta wurin zaman nan ne yake sauke zafinsa. In aka ci gaba da tafiya a haka, wutar da ke tsiyaya ta gefensa takan ci bakinsa. Ya gyara tazarar da fatan abin ya tsaya nan, amma geji ya ce 75. Don ya kore shakka, ya sa aka turo motar wurin mai faci a bakin titi, ya juya injin har fistin na uku ya kai ƙololuwa bawul biyun suna rufe, ya hura iska ta ramin fulogi. Da ta fito ta kafireto, da bawul ɗin shiga ne. Da ta fito ta wurin zuba baƙin mai, da ringi ne. Malam da kansa ya durƙusa a bayan mota ya ji iska tana huci ta bakin salansa. Gani ya kori ji, wani lokaci kuma jin ma ya isa.

Sai a sa'an nan aka kwance kan injin, an riga an san abin da za a tarar. Bakin bawul ɗin ya ɓantare kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Dattijon ya gargaɗi yaronsa kada ya kuskura ya juya inji kai yana cire. Dalili shi ne silindojin Fijo 504 hannun riga ne da ake zurawa cikin ganga, ruwa yana kewaye da su, kuma kan injin ne ke danne su. In suka motsa, abin da ya toshe gindinsu zai saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai, ƙaramin aiki ya zama babba. Ya danne su da kusoshi da manyan wasa. Aka sayi bawul guda da gasket sabo, aka goge sauran bawul bakwai a mazauninsu, aka ɗaure kusoshin kai bi da bi daga tsakiya zuwa gefe, aka daidaita tafet duka. Awon ƙarshe ya ba da 140, 140, 135, 140. Abin da aka kashe bai kai kuɗin kayan da aka saya da ka tun farko ba.

Kada a ɗauka cewa kowane tsohon inji haka zai ƙare. Akwai wanda gejin zai nuna huɗun duka sun faɗi, a zuba mai su tashi, ga shuɗin hayaƙi, ga baƙin mai yana ƙarewa. Wannan ringi da silinda ne suka cinye, sau da yawa saboda an yi shekaru ana tafiya cikin ƙurar hunturu ba matatar iska. Irin wannan sai an sauke shi, kuma wani lokaci sayen wani injin ya fi araha. Amma ko a nan awo ne ya kamata ya faɗa. Injin Beljiyam ɗin ma da ake kwaɗayi, tsoho ne da wani ya gama da shi a wata ƙasa, kuma mai saye yana da haƙƙin cewa a auna masa matsinsa kafin ciniki ya faɗa.

Haka kuma jinkiri yana da nasa farashi. Motar da ke tafiya da silinda uku tana zubar da wajen rubu'in fetur ɗinta ta salansa bai ƙone ba. Wanda bai fita ba yakan wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, har ringin da ke da lafiya ya soma cinyewa. Tafet ɗin da ya ƙone bawul ɗin Malam, da an duba shi a kan kari, aikin rabin sa'a ne.

Ga masu motoci, abin da ya rage shi ne tambaya guda da ya kamata kowa ya saba yi a gareji: me aka auna, kuma nawa ya nuna? Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya, domin amsarta tana hannunsa. Ga kanikawa kuma, musamman masu yara a ƙarƙashinsu, gejin matsi bai kai batir guda tsada ba, kuma yaron da ya koyi rubuta lambobi huɗu a bayan kwali kafin ya ɗauki sifana ya riga takwarorinsa nisa. Ƙungiyoyin kanikawa a Lafiya da sauran garuruwa za su yi wa sana'ar babban gata in suka sa awon matsi cikin abin da dole yaro ya iya kafin a yaye shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, ko mutum ne ko inji.