Pansori: Wasan da 'Yan Kallo Ba Sa Kame Baki

Baƙon da ya shiga babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke gindin dutsen Namsan a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, don kallon pansori, wato wasan rera labari da waƙa, sai ya ɗauka ba a gama shirya dandali ba. Tabarma ce shimfiɗe, mawaƙiya tsaye da mafici a hannu, makaɗi zaune a gefe da ganga ɗaya da ake kira buk. Iyakar kayan ke nan.

Amma da mawaƙiyar ta buɗe baki sai dandali ya cika. A labarin Simcheong, ita ce makahon uba, ita ce 'yarsa da ta sayar da kanta ga masu jirgin ruwa kan buhu 300 na shinkafa don idonsa ya buɗe. Ta rera, ta koma magana, ta fashe da kuka. Mafici ya zama sandar makaho, an jima ya zama wasiƙa. Muryar a dushe take, da kaushi, kuma haka ake so, shekaru ake yi ana horar da maƙogwaro kafin a same ta.

Abin da ya fi ruɗa baƙo shi ne 'yan kallo. Ana tsakiyar waƙa sai dattijon da ke kusa da shi ya ɗaga murya, "Eolssu!" wata ta ce "Jota!", wato ya yi kyau. Ba rashin ladabi ba ne. Makaɗi ma yana yi, tamkar sanƙira a gaban mawaƙin fada, domin da wannan kirari mawaƙiya ke samun ƙarfi. Tana kuwa bukatarsa, domin wasan kan yi tsawo: a 1969 mawaƙi Park Dong-jin ya rera labarin Chunhyang gaba ɗaya cikin awa 8.

Da can labaran pansori 12 ne, yau saura biyar. UNESCO ta sanya pansori cikin gadon al'adun duniya a 2003, ta ƙara da talchum a 2022, rawar masu rufe fuska da ake yi a wurare irin su ƙauyen Hahoe, inda talaka ke yi wa masu sarauta ba'a a bainar jama'a.

Mai niyyar zuwa ya karanta labarin tun daga gida, domin waƙar cike take da tsohon Koriyanci. In an fara, kada ya ji kunyar ɗaga murya tare da jama'a.