Larabgana da ƙofar aljanu

A ƙauyenmu da ke kusa da Malumfashi, kakana ba ya yin tafiya ranar Larabgana, wato Larabar ƙarshe ta watan Safar. Maƙwabcinsa Bamaguje ne, bai taɓa ɗora goshi a ƙasa ba, amma shi ma yana kiyaye ranar, kuma da lissafin watannin Musulmi yake gane ta.

Na tuna da su biyun sa'ad da nake karanta yadda addinin Tao na ƙasar Sin ya shiga Japan. Bai kafu can da limamai da jama'a tasa ba. Ta kalanda ya ratsa, da duban taurari da zaɓen rana. Tun ƙarni na 7 fadar sarki ta buɗe ofishin masu wannan hisabi, Onmyoryo. Su ke cewa arewa maso gabas ƙofar aljanu ce, har ake ɗaukar wurin ibadar Buddha na Enryakuji, a kan dutsen Hiei, a matsayin mai tsaron Kyoto ta wannan kusurwa. Gwamnatin Meiji ta rushe ofishin a 1870, amma har yau akwai Bajapane da ba zai yarda a yi masa makewayi a kusurwar ba.

Ƙanena, wanda ya yi karatu a Funtuwa, yana cewa Larabgana camfi ce, kuma ina ganin gaskiyarsa. Duk da haka, bara da tafiyarsa Kano ta faɗo a ranar, Inna ta roƙe shi, ya bari sai Alhamis.