Ajiyar Kare Ga Mai Shirin Tafiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridar nan mai farin jini, in yi magana bisa wani abu da waɗansu za su ce bai isa a ɓata masa tawada ba, watau yadda mutum zai yi da karensa in tafiya ta kama shi. Mu ma'aikata, yau a tura ka kwas, gobe riƙon ofis a wani gari. Ga kuma masu cin rani. Akuya da rago kowa ya san inda zai kai su, amma kare sai a watsar da shi, ya dinga bin juji da mahauta har yara su jefe shi, ko kuwa shi ya ciji ɗan wani.

A Ingila akwai gidaje musamman inda a ke biya a ajiye kare, tun 1963 kuwa doka ta hana a buɗe irinsu sai da lasin. Mu nan gidan ajiyarmu shi ne gidan aboki. Malamanmu sun yarda a riƙe kare domin farauta, ko kiwo, ko tsaron gona, sun kuma ce wanda ya riƙe dabba, cinta da shanta suna wuyansa. Tafiya ba ta sauke wannan nauyi.

Ina da kare nan Boɗinga mai tsare mini awaki. Da aka sanar da ni zan yi wata uku a Kaduna, sai na nemi wani mafarauci a Shagari, bisa hanyar Tambuwal, wanda ya san halin karnuka. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka na soma shiri tun da sauran mako shida.

Allurar haukan kare na fara yi masa, kuma a kanta zan daɗe. Wannan ciwo a miyau ya ke, cizo ke kai shi jikin mutum, ya kan yi wata biyu ko uku a ɓoye, in kuwa alamarsa ta bayyana, sai dai a yi haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara kuwa suna da yawa a ciki. Abin takaici, rigakafinsa ba sabon abu ba ne: tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro da shi a Faransa, mu ma muna da ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom, kusa da Jos, tun 1924. Allurar ta kan ɗauki wajen wata guda kafin ta kama jiki, kowace shekara kuma a kan sake. Wanda ya yi ta daren tafiya ya kai wa abokinsa kare da takarda kawai. Likitan dabbobi ya haɗa mini da maganin kaska da na tsutsar ciki, gama ba mutunci ba ne ka kai wa karnukan mutum ciwo.

Sa'an nan sai sabo. Kare ba kaya ba ne da za a ajiye a lungu. Ya san ƙofa, ya san murya, in an kai shi baƙon wuri farat ɗaya, ko ya ƙi abinci ko ya tsinke igiya ya kama hanyar gida, hanyar kuwa ta manyan motoci ce. Sau uku na kai shi Shagari ranar hutu, mafaraucin ya ba shi tuwo da hannunsa, na ukun har ya kwana. Ran da na bar shi, na bar masa kaskonsa da tsohon buhun da ya ke kwanciya a kai. Muka shirya a ɗaure shi mako guda a inuwa, nesa da sauran karnuka, da ruwa a gabansa kullum. Wanda ya san bazarar ƙasar Sakkwato ya san dalili.

Abin da mutanenmu suka fi jin nauyinsa shi ne maganar kuɗi, ita ce kuwa ke raba zumunci. Na auna masa dawar wata uku, na ba da kuɗin ƙashi. Muka zauna gaban mai unguwa muka yanke: in ya kashe kazar maƙwabci ni zan biya, in ya mutu ba da sakaci ba babu ramuwa. In ya ciji mutum, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti ran nan, kada a tsaya jiƙo. Karen kuma kada a kashe shi cikin fushi, a tsare shi kwana 10 likita ya duba. Da fari mafaraucin ya ɓata rai, wai ina zaton zai ci amanata. Mai unguwa ne ya ce masa takardar shi ta fi tsarewa, tun da cizon a ƙofarsa zai auku. Na rubuta biyu, ya riƙe ɗaya tare da shaidar allura.

Wassalam.

Wani Akawu,
Boɗinga.