Lissafin da ake taɓawa da hannu

Sandunan Cuisenaire, waɗanda wani malamin firamare ɗan Beljiyam ya ƙirƙiro, 'yan katakai ne masu launi goma, daga santimita 1 zuwa 10. Kyau kam suna da shi, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihuna. Na yanka karan dawa daidai wannan awo. 'Yata ta haɗa na 3 da na 7 kusa da na 10, ta ga tsawonsu ɗaya. Rashin launi bai dame ta ba. Tsinken tsintsiya kuwa, ɗaure goma-goma da zare, shi ya fahimtar da ita aro a ɗebewa: sai ta kwance ɗauri ɗaya. Rula kaɗai na saya.