Ranar Da Muka Matsa Wa Ƙarfe

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana wata tsohuwar Marsandi 230 mai atomatik, irin ƙirar nan ta W123 da aka riƙa ƙerawa a Jamus daga 1976 zuwa 1986. Bayan ta yi shekara uku a ajiye da mataccen inji, sai 'yan'uwa suka yanke shawarar a sayar wa masu gwangwan. Ni kuwa na ce faufau. A hutun ƙarshen zango na 2023 na ɗauki kuɗin da mahaifiyata ta tara mini domin rajistar makaranta, na sayo inji na hannu, ina ganin cewa idan motar ta tashi za ta biya kanta.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abubuwa biyu da ke tsakanin inji da giyabos. Na farko wani siririn faifan ƙarfe ne da ake ɗaurewa a gindin karanshaf, yana da haƙora a gefensa inda kik ke kamawa. Na biyu shi ne abin da kanikawa ke kira kwanbata, watau wani ƙarfe mai kamar ƙwarya biyu da aka kife, cike da man giya, wanda ke yin aikin kuloci. Wani Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya ƙago dabararsa a 1905 domin jiragen ruwa. Kwanbata tana da ɗan hanci a tsakiyarta wanda dole ne ya shige cikin ramin da ke gindin karanshaf, sannan a ɗaure ta da faifan.

Ranar haɗawa, da muka tura giyabos wajen inji sai ya tsaya, ya bar tazara kamar kaurin ɗan yatsa. Bakaniken, wanda sa'ana ne, ya tsaya yana shakka. Ni ne na ce masa ya sa notuna ya ja, ai ƙarfe ne, zai zauna. Haka aka yi. Da aka tayar da mota sai muka ji wata ƙara, aka sa giya ta ƙi motsi, domin matsin nan ya tura kwanbata baya ta fasa famfon mai na cikin giyabos. A daren nan ban runtsa ba, ina tunanin abin da zan faɗa wa mahaifiyata.

Kawuna ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan Marsandi. Bayan an samo wani famfo, sai ya fara da zaunar da kwanbata cikin giyabos tun yana ƙasa, yana juya ta a hankali yana turawa. Ya ce in kasa kunne. Na ji ta faɗa ciki sau uku, domin sai ta kama haƙoran sanduna biyu, sannan ta kama famfon. Daga nan ya haska tocila cikin gindin karanshaf, ya yi murmushi.

"Ɗana, injin nan daga mota mai kuloci aka ciro shi?"

Na ce, "Haka suka ce, Baba."

Ashe akwai wani ɗan ƙaramin boris a cikin ramin, wanda mota mai kuloci ke bukata, mai atomatik kuwa ba ta da wurinsa. Shi ne ya tare hancin kwanbata. Dattijon ya cusa giris a bayan boris ɗin, ya sa sandar ƙarfe daidai ramin ya buga, sai ga shi ya fito. Aikin bai ɗauki minti goma ba. Giyabos kuma ya haɗu da inji da turin hannu kawai. Kafin ya ɗaure, ya nuna mini cewa kwanbata tana juyawa sakayau, kuma tsakaninta da faifan akwai 'yar tazara ta milimita 3 zuwa 5, wadda za a jawo ta gaba a cike.

"Noti riƙewa yake yi, ba ja ba," in ji shi. "In ƙarfe ya ƙi, tambayarsa ake yi."

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Na sha rubuta wannan karin magana a takardar jarrabawa, har in fayyace sigarsa da ma'anarsa, amma sai a ƙarƙashin mota na gane cewa ban taɓa saninsa ba. Tazarar nan da na raina saƙo ce ƙarfen ya ba mu, ni kuma ɗalibin harshe na kasa karantawa.

Kuɗin rajista dai sai da mahaifiyata ta sayar da ragunanta biyu, na kuma yi rajista a makare. Ba ta yi mini faɗa ba, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo. Ranar da motar ta tashi, ita na fara ɗauka, na kai ta gidan yayarta a Zariya, tana zaune a kujerar da ta saba zama lokacin da mahaifina ke tuƙi.