Kalmomi uku da na tsallake

Kawuna ɗan kasuwa ne a Zongon Lome. Tsofaffin motoci yake saye idan sun sauka a tashar jirgin ruwa, ya tura su Yamai da Maraɗi. Faransanci ya ishe shi ciniki, amma Ingilishi sai an karanta masa. Tun da ni ne mai difloma kuma ana jin muryata a rediyo, ni ake miƙo wa waya.

Wata Juma'a ya nuna mini saƙon wakilin kamfanin jirgi. An rubuta cewa jirgin "should arrive" ranar Talata, kaya kuma "may possibly" su fita kashegari. Na leƙa sau ɗaya na ce, "Kawu, Talata jirgi zai iso, Laraba ka karɓi motocinka." A daren ya kira direbobi uku daga Maraɗi.

Jirgin ya zo, amma ya tsaya can cikin teku, a layin nan da ake hangowa daga bakin ruwa. Kwana tara Kawu yana ciyar da mutum uku yana biya musu makwanci.

Da na sake duba saƙon, ban sami ƙarya ko ɗaya a ciki ba. "Should" a nan ba dole ba ce, zato ne mai ƙarfi. "May" wataƙila ce, "possibly" kuma ta ƙara mata rauni. Mutumin ya kare kansa sau uku a layi biyu, ni kuma na kwashe kariyar na miƙa wa Kawu alkawari. Abin da ya fi ba ni haushi, Hausa ba ta rasa wannan ba. Kowa ya san bambancin "zai zo" da "yâ zo", ya san wanda ya ce maka "mâ gani" bai ɗaure kansa ba. A makaranta jeri aka ba mu muka haddace don jarrabawa, ba wanda ya ce kuɗin mutum na iya rataya a jikinsu.

Togo ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022, ga Aflao ta Gana a bakin ƙofa. Irin waɗannan saƙonni ba raguwa za su yi ba.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Sai dai yanzu idan na gama karanta masa, yakan ce, "To ɗana, wannan cewa ya yi, ko tsammani yake?"